Gwangwanin Ƙasusuwan Zinariya

Kwana uku Khairat tana farautar wari a ɗakinta. Ta ɗaga katifa, ta jawo firij, ta zazzaga jabel, ruwan bilicin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a makwarara har idonta ya yi ja, ta ma zargi maƙwabciyarsu mai shanya kifi a baranda. A unguwar Adjamé Liberté, inda gidaje suke manne da juna, wari ba ya rasa wanda za a ɗora wa. Sai a rana ta huɗu da hantsi, tana shara a ƙarƙashin gadon 'yarta, tsintsiya ta bugi wani gwangwanin madara. Tana buɗe murfin ta yi wurgi da shi, ta fita tsakar gida tana kakarin amai.

Ƙasusuwa ne. Ƙasusuwan ƙafar rago, da sauran miya da guntayen jijiya a jikinsu, sun yi kwana da kwanaki a rufe cikin zafin Abidjan. Abin da ke motsi a kansu ba zan faɗa ba, kada in hana mai karatu cin abincin rana.

"Zinariya, zo nan."

Yarinyar ta fito daga bayan labule. Shekararta bakwai, siririya, da kitso biyu. Ba ta kalli fuskar uwarta ba, ƙasa ta kalla, inda dukiyarta ta warwatse.

"Maman, kin raba na shida da na bakwai. Tare suke zama."

"Me kike yi da wannan ƙazantar a ƙarƙashin gado?"

"Ina son in san yadda rago yake tsayuwa."

"Da ƙafa yake tsayuwa mana."

"Me yake riƙe ƙafar? Me ya sa take lanƙwasa nan, ba ta lanƙwasa can? Me ya sa Papa yake sara da gatari, alhali akwai wurin da ƙashi yake rabuwa da kansa?"

Khairat ta tsaya da hannu a hanci. Ba abin da take so irin ta kwashe komai ta watsa a bola. Amma ta san 'yarta. Zinariya ba ta yi magana ba sai da ta shekara huɗu. Ƙarar da ba ta damun kowa ita takan gigita ta, ba ta iya haɗa ido da mutum, kuma in ta kama tambaya ba ta saki sai ta ga ƙarshenta. Wata likitar yara a Treichville ta gaya musu sunan abin da Faransanci, autisme. Ta ce ba ciwo ba ne da ake sha wa magani a warke, ƙwaƙwalwar yarinyar ce take aiki ta wata hanya daban. Ta kuma ce wa Khairat, "Duk abin da kika ga ya ja hankalinta, kada ki rufe ƙofar. Ta nan za ki shiga wurinta."

Ba wanda ya gaya mata ƙofar za ta yi wari haka.

Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ɗora tsohuwar tukunya, ta dafa ƙasusuwan har naman ya saki. Suka goge su da tsohon buroshi, suka jiƙa a ruwan jabel, suka shanya a rana. Da suka bushe suka yi fari tas, Khairat ta ɗauko wata farar rigar matashin kai ta ba ta.

"Ga sharaɗina. Ba a ajiye ƙashi sai an wanke. Ba a kuma jera shi a ƙasa, sai a kan farin ƙyalle mai tsabta. Kin ji?"

"Sai a kan farin ƙyalle mai tsabta," Zinariya ta maimaita. Sannan ta ce, "Maman, 'yan ajinmu suna ce mini la folle. Ni mahaukaciya ce?"

"A'a. Ke daban ce."

"Daban mai kyau ko daban mara kyau?"

"Daban kawai. Allah ne ya yi ki haka, kuma ba ya kuskure."

Da la'asar Abdussamad ya dawo daga kasuwa. Mahauci ne ɗan mahauci, yana da tebur a kasuwar Treichville, wanda ya gada daga mahaifinsa. A gaban wannan tebur ɗin suka haɗu da Khairat shekara goma da suka wuce, tana 'yar makaranta mai Faransanci a baki, ta zo sayen nama tana toshe hanci. Ya ce mata, "Mademoiselle, in kin saki hancin zan ƙara miki tsoka." Ta saki, ta yi dariya, shi ke nan. Sun yi aure bisa so, kuma har yau yakan kawo mata tsokar cinya a ɓoye cikin takarda, kamar saurayi.

Ya hango ƙasusuwan a kan farin ƙyalle, ya yatsine fuska.

"Haba Khairat. Na wuni cikin ƙashi da jini, in dawo gida in tarar da su a kan gado?"

"Zo ka ga abin da take haɗawa, Abban Zinariya."

"Na gani daga nan." Ya wuce banɗaki da bokiti. Yana son 'yarsa, ba mai musun wannan. Yakan goya ta a wuya, yakan tafi da ita kasuwa ranar Lahadi ta zauna a bayan teburinsa. Amma zama ya kalli abin da take yi, bai taɓa ba.

Wata biyu bayan haka aka sa ranar kawo lefen ƙanwarsa, Aisha Humaira, a babban gidansu na Treichville. Gidan Hajiya Rakiya ne, mahaifiyarsu, wadda ta shekara arba'in tana sayar da farfesun ƙafa da kai a ƙofar gidan kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Hajiya tana da jikoki goma sha ɗaya, kuma kowannensu tana wasan kaka da shi, ta tsokane shi, ta ce masa mummuna, ta cusa masa nama a baki. Zinariya kaɗai ce ba ta taɓa tsokana ba. In yarinyar ta shigo, Hajiya takan janye ƙafarta ta ce, "Ga ta nan, mai kallon bango."

Suka tsallaka gada a woro-woro, tasin haɗaka ta Abidjan, Zinariya rungume da gwangwaninta. Sai da suka sauka Khairat ta tuna ta bar farar rigar matashin a kan igiya. Ta ce a ranta, yini ɗaya ne, ba komai.

Dangin ango suka iso da akwatuna shida. Mata suka cika tsakar gida, turare ya haɗu da zufa da ƙamshin soyayyen kaji. Aka fara buɗe akwati, ana ɗaga atamfa da leshi ana miƙawa hannu zuwa hannu. Sai wata ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa. Zinariya ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta lallaɓa ta bi ta bayan kujeru. A kujerar ƙarshe, kusa da lungun da ke zuwa banɗaki, an ajiye wata farar shadda da ta gama zagayen hannuwa. Yarinyar ta duba, ta ga fara ce, mai tsabta ce. Ta cika sharaɗi. Ta ɗauka ta shige lungu.

Uwar ango ce da kanta ta tashi kama ruwa. Tana shan kwana ta ga abin da ya sa butar hannunta ta faɗi: farin ƙyalle shimfiɗe a ƙasa kamar likkafani, ƙasusuwa jere a kansa, yarinya a durƙushe tana rausaya gaba da baya, tana ƙunƙuni ita kaɗai.

"Innalillahi! Ku zo ku gani, tsafi ake yi mana a kan kayan aure!"

Lungun ya cika. Wata ta tofa yawu, wata ta ja ɗanta baya, wata ta ce da ma ta ji labari. Zinariya ba ta ɗago ba, ƙirga take yi, "na takwas, na tara," don ƙirga ita ce take kwantar mata da hankali in duniya ta yi mata yawa. Khairat ta ratsa mutane ta rungume ta.

"Don Allah ku yi haƙuri, ƙasusuwan miya ne. Ƙafar rago take haɗawa—"

"Mu za ki gaya wa rago?" Hajiya Rakiya ta katse ta, tana dogara sanda. "A gidan fawa? Ni da na tsufa a kan tukunyar ƙafa? Ban taɓa ganin rago a haka ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne abin takaicin yake. Gidan nan kaka da kakanni mahauta ne, amma da gatari suka san ƙashi. A kan kututture suke ganinsa, a sassare, ko a cikin romo. Ba wanda a cikinsu ya taɓa ganin ƙafar rago a wanke, a jere gaɓa bayan gaɓa kamar yadda Allah ya halicce ta. Abin da suke ci da shi suke sha da shi ne aka shimfiɗa a gabansu, suka kira shi tsafi.

Uwar ango ta sa aka rufe akwatuna aka fita da su. Ta ce shaddar a ƙona ta, ita ba za ta taɓa ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Sai mun yi shawara. Jini abin dubawa ne." Aisha Humaira ta shige ɗaki tana kuka.

Bayan sallar magariba Hajiya ta kira ɗanta da matarsa. Ba ta ce Khairat ta zauna ba.

"Abdussamad, shekara bakwai ina haɗiye abin nan. Yau ya fito fili. A zuri'armu babu mai irin wannan, a san inda aka kwaso shi." Ta harari Khairat. "Kawunka Kalla zai koma gida Nijar ranar Asabar. A ƙauyenmu akwai mai cire irin wannan iskar. Zai ɗaure ta, ya yi mata hayaƙi, wata uku ko shida, ta dawo mutum."

"Hajiya," Khairat ta durƙusa ta ce, "an yi mata addu'a ba sau ɗaya ba, kuma ba mu daina ba. Docteur ta ce ba iska ba ce. In aka ɗaure yarinyar nan a inda ba ta san kowa ba, wallahi ba za ta dawo da magana a bakinta ba."

"Da ɗana nake magana." Hajiya ta juya. "Ko ta bi Kalla, surukai su ji mun ɗauki mataki, ko auren ƙanwarka ya mutu a kanka. In ka zaɓi haka, ka manta hanyar gidan nan, kuma ban yafe maka nonona ba."

Khairat ta dubi mijinta. Ta jira. Mutumin da yake daka wa ƙattin 'yan dako tsawa a kasuwa su yi tsit, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"To, Hajiya," ya ce.

Da suka isa gida ya biyo ta kicin yana magana ƙasa-ƙasa.

"Khairat, wata uku ne kawai. Uwata ce. Me kike so in yi?"

"Ka taɓa zama ka ga abin da take jerawa?"

"Wannan ba shi ne maganar ba."

"Shi ne maganar." Ta ajiye ludayi. "Ranar da na buɗe gwangwanin nan da tsutsa a ciki na yi amai, Abban Zinariya. Na ɗauka ba abin da zai ƙara tayar mini da zuciya haka. Yau da ka ce 'to', na gane ashe wancan wasa ne."

Maganar ta soke shi, ya kai hannu zai riƙe ta, ta janye kafaɗa. Ba ta zage shi ba, ba ta zagi Hajiya ba, ba ta kuma yi yaji ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci tana ajiyewa a inda ta saba. Sai dai ranar Juma'a da ya dawo ya ga jaka biyu a bakin ƙofa, ba ɗaya ba.

"Ta biyun fa?"

"Tawa ce. Na yanki tikiti. Ba zan hana ka bin umarnin mahaifiyarka ba, amma duk igiyar da za a ɗaura wa 'yata, sai an fara ɗaura mini. Ka zauna da teburinka."

Ya ɗauka barazana ce. Sai da safiyar Asabar ya ga ta kulle tagogi, ta miƙa masa makulli.

Tashar Adjamé ba wurin mai neman shiru ba ce. 'Yan kamasho suna kiran garuruwa kamar masu faɗa, 'yan dako suna ture mutane da amalanke, direbobi suna danna oda ba dalili. Ruwan sama na jiya ya haɗu da baƙin mai da ɓawon lemo da abin da ya fi su muni, ya zama caɓi. Kawu Kalla, dattijo mai jan rawani, ya sa aka ɗora jakunkuna a mota, ya shafa kan Zinariya ya ce, "Kada ki damu, 'yar nan. Za a cire miki abin da ke kanki, ki huta."

Wata babbar mota ta saki oda dab da su. Zinariya ta saki ƙara, ta durƙushe a cikin caɓin da hannu a kunne, gwangwanin matse a ƙirjinta. Mutane suka fara tsayawa kallo. Abdussamad ya sure ta ya zaga bayan rumfar tikiti, inda aka jibge buhunan albasa, ya zaunar da ita a kan benci. Khairat ta biyo su, ta ciro farar rigar matashi daga jakar hannunta, ta shimfiɗa a kan bencin, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Yarinyar ta buɗe gwangwani. "Na ɗaya," ta ce. "Na biyu."

Babu banɗakin da zai shige, babu kasuwar da zai tafi. A karo na farko Abdussamad ya zauna ya kalla.

Ta fara da dogon ƙashin cinya. Ta ɗora ɗan ƙaramin da ke rufe gwiwa. Ta kawo ƙashin ƙwauri ta juya shi har ya zauna a gurbinsa. Tun kafin ta kai na biyar ya matso kusa. Ya san hanyar nan. Hanyar da wuƙar mahaifinsa take bi ce, lokacin yana yaro, kafin kasuwa ta cika da gaggawa kowa ya koma gatari. Tsohon yakan kama hannunsa ya ɗora a kan gaɓa ya ce, taɓa nan, a nan Allah ya bar ƙofa. Ƙafar baya ce ta hagu, daga cinya har kofato, ba ƙashi ɗaya da ya sauka a inda ba nasa ba. Sai wuri guda a tsakiya da ta bari fili.

"Nan fa?" ya tambaya.

"Babu shi. Kullum kai kake fasa shi." Ba ta kalle shi ba, yatsanta ta ɗora a wurin. "Ina kallo ranar Lahadi. Gatarinka a nan yake sauka. Na duba a miya sau goma sha huɗu, kullum a fashe."

Ta gyara kofaton. Sannan ta ce, da muryar da take tambayar komai da ita, "Papa, Kawu ya ce za a cire abin da ke kaina. In an cire, wa zai dawo gida? Ni ce, ko wata?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"In wata ce, ka ba ta gwangwanin. Ka gaya mata saura ɗaya. Ka gaya mata sai a kan farin ƙyalle."

Abdussamad ya dubi tufafinta da suka ɓaci da caɓi, ya dubi motar da ake ɗaure wa kaya, ya dubi hannunsa. Shekara ashirin yana cusa hannun nan cikin tumbi da hanji bai taɓa jin ƙyama ba. Yau ya ji ƙyamar kansa. Ya kifa fuska a kan buhun albasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa, 'yan dako suna wucewa suna cewa, "Yako, mon frère," sun ɗauka mutuwa aka yi masa.

Da ya miƙe, wurin Kawu Kalla ya nufa. "Kawu, ka yafe ni. A sauke jakunkunan nan."

"Uwarka fa?"

"Wurinta za ni yanzu."

Ya dawo ya tsaya a gaban matarsa, ya ciro makullin daga aljihu. "Khairat, ban cancanta ba. Amma ki karɓa."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye yana zuba. Ta karɓa. "Ka ɗauko 'yarka," ta ce. "Ƙafarta duk caɓi."

Hajiya Rakiya tana zaune a tsakar gida da carbi suka shigo su uku. Ta ga Zinariya, fuskarta ta haɗe. Abdussamad ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ban taɓa saɓa miki ba, kuma ba raini ya kawo ni ba. Ki dake ni, ki kore ni, gobe zan dawo in gaishe ki. Amma amana ce Allah ya ba ni, ba zan kai ta a ɗaure ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, ki duba abin nan sau ɗaya, da idonki na sana'a."

Ya shimfiɗa ƙyallen da hannunsa. Zinariya ta jera. Hajiya ta kau da kai, tana jan carbi da ƙarfi, amma idon mai sana'a ba ya jin magana. Ya saci kallo, ya ƙara. Carbin ya tsaya.

"Wannan ai ƙafar baya ce," ta faɗa, kamar maganar ta suɓuce mata. "Ta dama."

"Ta hagu," in ji Zinariya.

Hajiya ta sunkuya ta duba sosai. Ta hagu ce. Ta ja tsaki mai tsawo, ta gyara mayafi.

"Ku tashi ku ba ni wuri."

Kada mai karatu ya zaci ta rungume jikarta a nan take. Ba ta yi ba. Wata biyu cur Abdussamad yana zuwa gaisuwa kullum da safe kafin ya buɗe tebur, tana amsawa da "lafiya" ɗaya tak tana kallon gefe. Khairat ma ba ta fasa aika mata tuwon Juma'a ba, ko da kwanon yana dawowa ba a taɓa ba. Aisha Humaira kuwa ta share hawayenta ta ɗauki hoton ƙasusuwan a waya ta aika wa saurayinta Sa'ad, ta rubuta masa cewa in sai an ɗaure 'yar yayanta za a aure ta, a bar auren. Sa'ad ya nuna wa mahaifinsa, wani dillalin shanu. Tsohon ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wa matarsa ta mayar da akwatunan lefe gidan Hajiya. Abin haushi, maganar da uwa ta faɗa a durƙushe da hawaye ba a ji ba, sai da namiji ya yi dariya ta zama gaskiya.

Amma tun washegarin ranar tasha Abdussamad ya yi abin da ya fi wannan duka. Ya ajiye gatari, ya ɗauki ƙafar baya ta hagu, ya bi ta da wuƙa gaɓa gaɓa, masu saye suna jira suna mita. Da yamma ya dafa, ya goge da buroshi da kansa, ya miƙa wa 'yarsa ɗan ƙashi guda, dunƙulalle, mai lungu da tudu ta kowane gefe. Ta juya shi a tafin hannu ta daɗe. Ta ɗora shi a gurbin da ya yi wata da watanni a buɗe, ya zauna daram.

"Ba ya kama da sauran," ta ce.

"Ba ya kama da kowa," in ji uban. "Amma a kansa ƙafar take juyawa."

"Ni ma ba na kama da kowa a ajinmu."

"Haka ne," Khairat ta ce.

Zinariya ta ɗago, ta kalli mahaifinta a ido, daƙiƙa ɗaya kawai, abin da ba ta cika yi ba. "To kada a fasa ni."

"Ba mai fasa ki, in sha Allahu, ina raye."

Ranar Litinin da wata yarinya ta ce mata la folle, ta amsa da cewa, "Ni daban ce," ta ci gaba da zanenta. Malamar ajin ce ta ba Khairat labari, ta kuma roƙa a bar Zinariya ta kawo gwangwanin aji ranar darasin jikin dabbobi.

Mako biyu bayan bikin Aisha Humaira, amaryar ta zo Adjamé da wani babban kwano ɗaure a ɗankwali. Ta ce daga Hajiya ne, kuma da kanta ta tashi ta dafa duk da ciwon gwiwa. Khairat ta buɗe. Farfesun kan rago ne, amma ba kamar yadda Hajiya ta saba yi shekara arba'in ba. Ba a fasa kan ba. Yana nan sukutum, da haƙora da muƙamuƙi, yana kallon mutane daga cikin romo.

"Da saƙo," Humaira ta ce tana danne dariya. "Ta ce a gaya wa mummunar nan mai gwangwani, ga kai nan, in ta isa ta haɗa shi. Kuma ta ce ko da wasa kada ta ƙara taɓa shaddar mutane."

Mummunar nan. Khairat ta juya baya don kada a ga idonta. Shekara bakwai take jiran wannan zagin.

Yaro irin Zinariya ba ya bukatar a cire masa komai. Yana bukatar wanda zai danne ƙyamarsa da kunyar idon mutane, ya zauna ya kalli abin da yake jerawa, ya amsa tambayarsa ko sau ɗari ce. Biyayya ga iyaye wajibi ce, kuma Abdussamad bai daina durƙusa wa tasa uwar ba ko rana ɗaya, amma ba a yin ta da zaluntar amanar da Allah ya damƙa wa mutum. Haƙurin Khairat ya riƙe mata 'yarta da mijinta, ya kuma jawo mata surukarta a hankali.

Zinariya ta leƙa kwanon, ta ƙirga haƙoran da yatsa daga nesa.

"Maman, me ya sa ba shi da haƙoran gaba a sama?"

Khairat ta dubi idon ragon da ke kallonta daga romo. Ta kau da kai.

"Ban sani ba. Tambayi Papa. Ni bari in ɗauko jabel."